Wa ke gaya wa tsutsa lokacin zama ƙuda ya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin birnin Kano. Mun sa ɓawon ayaba a kwalba a aji, ƙananan ƙudaje suka taru a kai. Bayan 'yan kwanaki tsutsotsi suka fito, suka hau bangon kwalbar suka ƙame, daga baya sai ga sababbin ƙudaje. Wata ɗaliba ta ce min: tsutsar nan ba ta da fiffike, ba ta da ƙafa, daga ina suka fito, kuma wa ya gaya mata lokaci ya yi? Littafinmu a wani babi ya ce ƙwayoyin gado ne ke tafiyar da girma, a wani babin kuma ya ce homon ne. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama. Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa yarinyar nan albarka, don tambayar da ta yi ita ce ta cinye rayuwar manyan masana har shekara ɗari. Babukan biyu duk gaskiya suka faɗa, inda littafin ya gaza shi ne da ya raba su. Ƙwayoyin gado ne ke tsara abin da zai fito da inda zai fito. Homon kuwa, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, lokaci yake sanarwa. Sai dai homon ɗin ƙwayoyin gado ne ke ƙera shi, kuma idan ya isa inda za shi, aikinsa ɗaya ne: ya kunna waɗansu ƙwayoyin gadon, ya kashe waɗansu. Shi ya sa ba a iya koyar da ɗaya a bar ɗaya.

Ƙudan da ya shigo kwalbarku shi ne ɗan ƙaramin nan mai jan ido, tsawonsa bai fi milimita 3 ba, wanda duk mai shiga 'Yan Lemo ko 'Yan Kaba ya saba gani yana shawagi a kan tarin lemo da tumatirin da suka luguiguice. Sunansa na ilimi Drosophila melanogaster, kuma asalinsa ɗan Afirka ne, daga baya ya bi mutane ya cika duniya. Kada 'yan aji su haɗa shi da babban ƙudan da ke huda lafiyayyen mangwaro yana kan bishiya. Wancan dangi ne daban, kuma shi ne abokin gabar manomi. Namu sai abu ya fara ruɓewa yake zuwa, domin yis ɗin da ke tsirowa a kan ruɓar shi ne abincin 'ya'yansa. Ki kuma yi amfani da damar ki gyara abin da yara ke ji a gida cewa ruɓa ce ke haifar da tsutsa. Ƙwai uwa ta saka, fari ne, tsawonsa kamar rabin milimita, da 'yan zare biyu a gabansa. Da madubin hannu za su gan shi a kan ɓawon.

A zafi na digiri 25, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kamar awa 24. Tsutsa ta yi kwana ɗaya ta yi saɓa, ta ƙara kwana ɗaya ta sake saɓa, sannan ta yi kamar kwana biyu tana ci ba ji ba gani. A cikin kwana huɗun nan nauyinta yakan ninka kusan sau 200. Daga nan ta bar abinci ta hau bango, ta ƙame a ƙwanso na kwana huɗu da ɗoriya. Jimla kamar kwana 10. Wannan saurin, da kuma cewa kuromosom ɗinsa, wato zaren DNA da ke dunƙule a cibiyar ƙwayar halitta, tagwaye huɗu ne kacal, su suka sa Thomas Hunt Morgan ya riƙe shi a Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, inda a 1910 ya tsinci namiji mai farin ido, ya bi gadon idon nan har ya tabbatar da cewa a kan kuromosom ƙwayoyin gado suke zaune. An ba shi kyautar Nobel a 1933.

To, fiffike da ƙafa. Labarinsu tun kafin a saka ƙwan ya fara, kuma nan ne nake so ki tsaya da 'yan aji, don a nan abin mamakin yake.

Tun ƙwan yana cikin uwa, takan ajiye saƙon wata ƙwayar gado mai suna bicoid a ƙarshen da zai zama kai, ta ajiye na nanos a ƙarshen da zai zama gindi. Da an saka ƙwan, sai furotin ɗin bicoid ya fara bazuwa daga gaba zuwa baya: a gaba ya yi kauri, yana tafiya yana tsinkewa. Abin da ya sa bazuwar ta yi sauƙi shi ne, a awannin farko cibiyar ƙwan tana rabuwa har sau 13 ba tare da an gina bango tsakanin sababbin cibiyoyin ba, duk suna cikin ruwa ɗaya. Sai wajen awa uku ake kewaye kowace da nata bangon, a sami ƙwayoyin halitta kusan 6,000. Kafin nan kowace cibiya ta riga ta auna yawan bicoid ɗin da ya same ta, kuma da wannan awon take sanin ko tana kusa da kai ko tana tsakiya. Idan uwa ba ta da lafiyayyar bicoid, 'ya'yanta za su fito ba kai ba ƙirji, gindi gaba gindi baya, ko da kuwa uban ya ba su mai lafiya. Idan aka ɗebi saƙon aka yi wa ƙwai allurarsa a tsakiya, a tsakiyar sassan kai za su tsiro. Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard ne suka nuna bazuwar furotin ɗin ƙarara a 1988.

Daga wannan awo na farko sai aikin ya riƙa sauka mataki-mataki. Rukunin farko na ƙwayoyin gadon ɗan tayin, irin su hunchback da Krüppel, suna raba jiki manyan yankuna. Su kuma su kunna rukuni na biyu, irin su even-skipped, wanda ke bayyana a layuka 7 da suka zagaye ɗan tayin. Rukuni na uku, inda engrailed da wingless da hedgehog suke, ya mai da bakwai ɗin layuka 14. Gaɓa-gaɓar da 'yan aji ke gani a jikin tsutsa daga layukan nan suka samo asali. Yadda aka gano su kuwa, aikin haƙuri ne tsantsa. Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus, a birnin Heidelberg na Jamus, sun lalata ƙwayoyin gado da gangan ta hanyar ciyar da mazan ƙudaje wani sinadari, sannan suka zauna gaban madubin ƙara girma mai mazaunin ido biyu suna duba matattun 'yan tayi na dubban iyalai, suna tambayar me ya ɓace a jikin kowane. A 1980 suka wallafa guda 15 na farko. Ina yawan gaya wa ɗalibaina wannan, domin babu wata na'ura mai tsada a cikin aikin. Ido ne, da tsari, da naci.

Raba jiki gaɓa-gaɓa bai wadatar ba, sai an gaya wa kowace gaɓa ko ita wace ce. Wannan aikin ƙwayoyin gado takwas ne da ake kira Hox. Edward Lewis ya shafe shekaru sama da talatin a kansu kafin babban rubutunsa na 1978. Ƙuda yana da gaɓa uku a ƙirji. Ta biyu ce ke ɗauke da fukafukai, ta uku kuma 'yan ƙananan sanduna biyu masu ƙulli a kai take fitarwa, waɗanda yake daidaita tashi da su. Ƙwayar gado mai suna Ultrabithorax ce ke hana gaɓa ta uku yin fiffike. Da Lewis ya raunana ta a wannan gaɓar, sai ga ƙuda mai fukafukai huɗu. Wata kuma, Antennapedia, idan ta kunnu a ka inda ba wurinta ba, ƙafafu ne za su tsiro a mazaunin eriya, wato 'yan ƙahonnin nan biyu da yake sansana abu da su. Kuma jerin da suke a kan kuromosom ya yi daidai da jerin sassan da suke mulka daga kai zuwa gindi. A 1984 aka gano cewa dukkansu suna da wani guntun DNA iri ɗaya, ba da jimawa ba aka same shi a kwaɗo da ɓera da mutum. Ni da ke muna da Hox 39, su suka jera mana ƙasusuwan gadon baya. Lewis da Nüsslein-Volhard da Wieschaus sun raba kyautar Nobel ta 1995.

Yanzu ga amsar ɗalibarki kai tsaye. Tun a cikin ƙwai, ana ware waɗansu 'yan tsirarun ƙwayoyin halitta a wurare sanannu, a ce wannan tarin na fiffiken dama ne, wannan na ƙafar gaba ce, wannan na ido ne. Suna naɗewa su zama 'yan faya-fayai a cikin jikin tsutsa, su kusan ashirin. Tsutsar tana yawo da su, ba sa yi mata aikin komai, sai dai suna ta yawaita. Faifan fiffike yakan fara da ƙwayoyin halitta 'yan gomomi, kafin a shiga ƙwanso ya kai dubun-dubata. Sauran jikin tsutsar kuwa ba ta yawaita yake girma ba, kowace ƙwayar halitta ce ke kumbura tana ninka DNA ɗinta. Wato a cikin fata ɗaya akwai jiki biyu: na tsutsa da ke aiki yanzu, da na ƙuda da ke naɗe yana jira. Fiffiken yana nan tun ranar farko.

Abin da ya rage shi ne wa zai ce a buɗe.

Kafin a san sunan ko da ƙwayar gado ɗaya a wannan fanni, an riga an gane cewa saƙon a jini yake tafiya. Stefan Kopeć, ɗan ƙasar Folan, ya nuna a wajajen 1920 cewa tsutsar wani dangin malam-buɗe-littafi ba ta shiga ƙwanso idan aka cire mata ƙwaƙwalwa da wuri. Gwajin da na fi so shi ne na Gottfried Fraenkel a 1935, da tsutsar babban ƙudan nan mai sauka a kan nama. Ya ɗaure ta da zare a tsakiya tamau. Idan ya ɗaure da wuri, gabanta kaɗai ke taurara ya yi duhu ya zama ƙwanso, bayan ya zauna fari da taushi. Idan ya makara, duka biyun suke taurara, domin abin ya riga ya zagaya. Da ya ɗebi jinin tsutsar da ke gab da ƙamewa ya zuba wa bayan nan fari, sai shi ma ya ƙame. Zare da allura kawai. A 1954 Adolf Butenandt da Peter Karlson a Jamus suka tace sinadarin daga kilo 500 na ƙwanson tsutsar siliki, abin da suka samu miligiram 25 ne. Shi ne ekdison. Daga baya aka gano ɗan gidan su homon ɗin balagar mutum ne, duka daga kolestarol ake ƙera su.

Nan ƙwayoyin gado suka sake shigowa. Ƙwari ba sa iya haɗa kolestarol da kansu, dole su sami danginsa a abinci, ƙudanmu kuma a yis yake samu. A saman ƙwaƙwalwar tsutsa akwai wata 'yar tsoka mai siffar zobe, a cikinta ake sarrafa shi mataki-mataki, kowane mataki da ƙwayar gadon da ke kula da shi, irin su phantom da disembodied da shadow. Zoben ya sako ekdison cikin jini, sai wata kuma, shade, ta ƙarasa gyara shi a cikin kitse da sauran sassa ya zama mai ƙarfin aiki. Ko ɗaya daga cikin irin waɗannan ta lalace, ɗan tayi ba zai iya yin fata ba, a ƙwai zai mutu. Kin ga ke nan babin homon ya koma babin gado.

Zoben ba kullum yake sako ekdison ba, bugu-bugu yake yi. Bugu ɗaya a tsakiyar zaman ƙwai, ɗaya kafin kowace saɓa, 'yan ƙanana a matakin ƙarshe waɗanda ke sa tsutsa ta bar abinci ta fara yawo, sannan babba wanda ke ƙamar da ita. Mai ba zoben umarni kuwa ƙwayoyin jijiya ne guda huɗu a ƙwaƙwalwa, biyu a kowane ɓangare, masu fitar da wani homon da ake kira PTTH. A 2007 aka kashe waɗannan ƙwayoyin jijiyar a tsutsa don a ga abin da zai faru. Ba ta mutu ba. Ta makara ne da kwanaki kafin ta shiga ƙwanso, tana ta ci, ta fito ƙuda ƙato fiye da 'yan'uwanta. Wannan ya tabbatar da abu mai muhimmanci: ƙuda ba ya ƙara girma bayan ya fito, don haka ranar da ekdison ya buga ita ce ranar da aka yanke girmansa. Ƙaramin ƙuda ba yaro ba ne, tsutsa ce da ba ta ƙoshi ba. A 2009 kuma aka gano makarɓin da zoben ke jin PTTH da shi, sai ya zama Torso ne, furotin ɗin da aka daɗe da sani yana tsara goshi da wutsiyar ɗan tayi a awannin farko. Kayan aiki ɗaya, an yi amfani da shi wajen tsara wuri, an ajiye, an sake ɗauko shi wajen tsara lokaci. Duk sanda na zo nan a darasi sai na yi tasbihi.

Ita ƙwaƙwalwar ba da ka take yanke hukunci ba, rahoto take karɓa. Na farko daga abinci. Kitsen tsutsa yana auna yawan sinadaran furotin da ke shigowa, ya aika saƙo a sako 'yan'uwan insulin, waɗanda ƙuda ke da guda takwas, su kuma su ƙarfafa zoben. Akwai wani nauyi da tsutsa ke kaiwa a farkon mataki na uku. Idan abinci ya yanke kafin ta kai shi, za ta dakata, ta jira. Idan ya yanke bayan ta wuce shi, ba komawa, za ta shiga ƙwanso a haka ta fito 'yar ƙarama. Rahoto na biyu daga faya-fayan nan yake zuwa. An daɗe da lura cewa idan aka ji wa faifan fiffike rauni, tsutsa takan jinkirta ƙamewa har ya warke. A 2012 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a birnin Nis na Faransa, ɗaya a Alikante ta Sifen, suka gano dalili: faifan da ya ji ciwo yana sako wani furotin mai suna Dilp8, wanda ke zuwa ƙwaƙwalwa ya sa a rage ekdison. Kuma ba jinkiri kaɗai yake jawowa ba, yana rage saurin girman sauran faya-fayan, don kada fiffiken hagu ya tsere wa na dama. Ƙudajen da ba su da Dilp8 sukan fito da fukafukai ɗaya ya fi ɗaya. Malama, 'yan matan ajinki za su gane wannan da sauri idan kika haɗa shi da balaga, don a mutum ma ƙwaƙwalwa ce ke ba da izini, homon ɗin gidan kolestarol ne ke zartarwa, kuma yarinyar da ke fama da rashin abinci takan makara.

Saura babbar tambaya, wadda a ganina ita ce zuciyar maganar. Ekdison ɗaya ne, jini ɗaya ne, ya isa ko'ina a lokaci ɗaya. Me ya sa faifan ƙafa ya miƙe ya zama ƙafa, jakar yawu kuma ta narke ta mutu?

Ki tuna jiniyar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai. Ƙara ɗaya take yi, ba ta kiran sunan kowa. 'Yan aikin dare suna ji su ajiye kaya su fita, 'yan safe suna ji su shiga su kama. Kowa ya san abin da zai yi ne saboda an riga an rubuta masa layinsa tun kafin ta buga. Haka ekdison yake. Ba ya ɗauke da zanen fiffike. Yana shiga ƙwayar halitta, ya kama makarɓinsa EcR wanda ke haɗe da abokinsa USP a kan DNA, su kunna 'yan ƙwayoyin gado kaɗan na sahun farko, irin su Broad da E74 da E75. Waɗannan su kunna ɗaruruwa na sahu na biyu. Waɗanne ne za su kunnu a cikin ɗaruruwan, ya danganta da tarihin wannan ƙwayar halittar, wato abin da bicoid da Hox da sauransu suka riga suka buɗe ko suka kulle mata tun tana ƙwai.

Wannan ba hasashe ba ne, da ido aka gani, kuma a jakar yawun tsutsa aka gani. DNA ɗin da ke cikinta ya ninku kusan sau dubu ba tare da zaren sun rabu ba, sai kuromosom ya yi kauri har madubin makaranta ke nuna shi da ratsi-ratsinsa. Duk inda ƙwayar gado ke aiki, wurin yakan kumbura ya yi bushi-bushi. Michael Ashburner a Kambirij ta Ingila ya sa jakunkunan yawu a ruwa ya zuba musu ekdison. Cikin mintuna wurare kaɗan suka kumbura. Bayan awanni suka sace, wurare sama da ɗari suka tashi. Da ya hana ƙwayar halittar ƙera furotin, sahun farko ya tashi ya ƙi sacewa, sahu na biyu kuwa bai tashi ba sam. Daga nan ya fahimci cewa furotin ɗin sahun farko ne ke kunna na biyu, kuma shi ne ke komawa ya kashe kansa. A 1974 ya bayyana tsarin, shekara 17 kafin a ware ƙwayar gadon makarɓin a 1991, kuma tsarin nasa ya tsaya.

Jakar yawun nan ma ta isa darasi guda. Bugun ekdison da ya ƙamar da tsutsa ya sa ta tofar da wani gam, shi ne ya manne ƙwanson a bangon kwalbarku. Bayan kamar awa 10 zuwa 12 wani bugun ya sake zuwa, homon ɗin dai shi ne, amma a wannan karon sai ya kunna reaper da hid, ƙwayoyin gadon da ke sa ƙwayar halitta ta kashe kanta, jakar ta narke. Me ya canza? A tsakanin bugun biyu, da ekdison ya sauka, wata ƙwayar gado mai suna FTZ-F1 ta sami damar tashi, ita ta sauya yadda za a ji bugu na biyu. Wato saukar homon ma saƙo ce. Hanjin tsutsa da yawancin tsokarta haka suke rushewa, a yi amfani da kayansu wajen ginin sabon jiki. Ƙwaƙwalwa kuwa ba a rushe ta duka, ƙwayoyin jijiya da yawa sassabe rassansu suke yi su fitar da sababbi.

Littafinku tabbas ya ambaci homon na biyu, homon ɗin ƙuruciya, ya ce muddin yana nan saɓa tsutsa za ta sake haifarwa, idan ya janye sai a rikiɗa. Vincent Wigglesworth ne ya gano shi a shekarun 1930 a wani ƙwaro mai shan jini, kuma maganar daidai take ga ƙwari da yawa: yana kunna Kr-h1, ita kuma ta danne E93 mai buɗe ƙofar girma. Amma ki yi hattara wajen ɗora ta a kan ƙudanmu. A Drosophila, idan aka cire sashen zoben da ke yin wannan homon, tsutsa ba ta rikiɗa kafin lokaci, takan kai ƙwanso ne ta mutu a ciki. Ba na son yadda littattafai ke ɗaukar sakamakon ƙwaro ɗaya su shimfiɗa wa dukkan ƙwari, yara suna haddacewa su tafi da shi jami'a.

Fitowa daga ƙwanso ma da nata tsarin. Yawanci da sassafe suke fitowa, lokacin da iska ke da laima, kuma agogon cikin jiki ne ke tsara haka. Ta wannan ɗabi'ar Ronald Konopka da Seymour Benzer suka gano ƙwayar gadon period a 1971, binciken da ya kai ga Nobel ta 2017. Sabon ƙuda yakan fito fari-fari, fukafukai a cukurkuɗe, ya hura su da jini, sannan wani homon, bursikon, ya taurara fatar ya ba ta launi.

Idan wata ta ce me ruwan Kano da wannan, ki nuna mata darbejiyar da ke harabar makaranta. Sinadarin da ke cikin 'ya'yanta, azadiraktin, yana hana ƙwaro ci, yana kuma dagula sakin ekdison, sai tsutsa ta maƙale a tsakiyar saɓa. Manomin da ya daka 'ya'yan darbejiya ya jiƙa ya fesa wa wakensa, ya dawo da yamma ya ga tsutsa na motsi, yakan ce maganin banza ne. Ba banza ba ne, sai ranar saɓa zai kama ta, kuma wanda ya san haka ba zai yi saurin zubar da shi ya koma wa guba mai tsada ba. Akwai magungunan kanti da aka ƙera a kan ilimin nan: tebufenozide yana kwaikwayon ekdison ya tilasta saɓa ba lokacinta ba, pyriproxyfen kuma yana kwaikwayon homon ɗin ƙuruciya, har ana sa shi a waɗansu gidajen sauro don ya hana macen sauro haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gidan sauron cikin shawarwarinta a 2023. Ta ɓangaren asibiti, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gadon da aka san suna jawo cuta a mutum suna da takwara a ƙudan nan. Hedgehog ɗin da ke zana layuka a ɗan tayinsa ita ce hanyar da ke lalacewa a wani nau'in kansar fata, kuma a 2012 aka amince da maganin da ke toshe ta.

Ga abin da za ki iya yi a aji ba tare da kashe kuɗi ba. Ki dama ayaba da ɗan garin masara dafaffe, ki barbaɗa yis ɗin burodi, ki toshe bakin kwalba da auduga. Ki yi kwalba biyu, ɗaya da yis sosai, ɗaya da ɗan kaɗan kuma da tsutsotsi cunkushe. Yara su rubuta ranar da ƙwanso na farko ya bayyana a kowace, su kwatanta girman ƙudajen da suka fito. Da idonsu za su ga abinci yana juya lokaci da girma. Su kuma riƙa duba ƙwanso ɗaya kullum da madubin hannu: fari ne da farko, cikin awanni ya koma ruwan ƙasa, a kwanakin ƙarshe jan ido zai bayyana ta cikin ɓawon, sannan fukafukai su yi baƙi. Idan kika ga baƙin nan, gobe da asuba za a fito.

Zafin garinmu ne kawai zai ba ki wahala. A digiri 18 zagayen yakan kai kwana 19, a 25 kwana 10, amma da an haura 30 mazan sukan daina haihuwa, kuma kin san yadda Afrilu take a Kano, sama da 40. Ki tsara aikin a zangon hunturu ko cikin damina. Idan dole sai da bazara, ki ajiye kwalaben a gindin randa ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Gwajin zaren Fraenkel kuwa kada ki gwada shi da wannan tsutsar, ta yi ƙanƙanta. Ki nemi ta babban ƙuda a kan guntun nama, ki zaɓi wadda ta ƙoshi ta fara barin abinci, ki ɗaure da zaren ɗinki kaɗan gaba da tsakiya, ki yi guda goma ko fiye don waɗansu za su mutu, waɗansu kuma an riga an makara. A cikin sauran za a sami wadda gabanta ya yi ƙwanso bayanta yana nan tsutsa, ki ba yarinyar da ta yi tambayar ta riƙe madubin.